Yadda Za Ka Bi Sawun Kakanka a Yaƙin Duniya na Biyu

A gidaje da yawa abin da aka sani kawai shi ne "ya je yaƙin Bama" ko "ya yi yaƙin Hitila". Wannan bai isa ba, domin yaƙin 1939 zuwa 1945 fagage ne da dama, Birtaniya da Amurka da Tarayyar Sobiyet a gefe guda, Jamus da Italiya da Japan a ɗaya gefen. Sojojin Najeriya sun fi shiga fage biyu: Gabashin Afirka a 1940 zuwa 1941, inda suka fafata da Italiya daga Mogadishu har Habasha, sai kuma Bama (Myanmar ta yau) daga 1943 zuwa 1945, inda suka kara da Japan.

Fara da akwatin gida, ka nemo lambar soja. Tana jikin takardar sallama ko littafin albashi. Ta Najeriya takan fara da NA, ta Gana da GC. Suna kaɗai zai ɓatar da kai, saboda Turawan da ke ɗaukar soja sukan rubuta sunan mutum da garinsu, Musa Kano ko Ali Sakkwato, kuma masu irin sunan suna da yawa a bataliya guda. Ga kuma rubutun yadda kunnen Bature ya ji: Muhammadu ya koma Momo ko Mamman. Ka gwada kowane salo.

In akwai lambobin yabo, kada ka wanke su da toka ko lemun tsami. Dubi ƙyallen. Tauraron Bama ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro. Tauraron Afirka kalar rairayi ne da jan ratsi a tsakiya. Yawanci ba a zana suna a jikinsu ba, don haka fagen daga kawai za su nuna maka.

Bajen kafaɗa ya fi su amfani, ko da a tsohon hoto ka gan shi. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya na Runduna ta 81 ne, wadda ta ratsa kwarin Kaladan na Bama a 1944, jiragen sama na jefo mata abinci, 'yan dako na ɗauke da kaya a ka. Māsu biyu a gicciye da gammo na Runduna ta 82 ne, wadda ta yi yaƙi a Arakan, a yammacin Bama. Su biyun suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. In kuwa tsohon yana ambaton Chindit, wato dakarun musamman da suka kutsa bayan sahun Japan a Bama, bincikenka ya koma kan bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Rejimantin Najeriya.

Wanda bai dawo ba, a neme shi a shafin intanet na CWGC, hukumar kula da kaburburan yaƙi, da lambarsa. Waɗanda ba a san kabarinsu ba a Bama an zana sunayensu a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon. Da ka san bataliya, kundin yaƙinta na kullum yana ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, na fagen Bama a jerin WO 172. Sai dai kundin ya fi ambaton hafsoshi Turawa, abin takaici, ƙaramin soja da wuya ya fito da suna. Abin da za ka samu shi ne inda bataliyar take rana-rana. A gida kuma, je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ka nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Dangin Maraɗi da Damagaram su lura: Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, har ƙarshen 1942, Chadi kuwa ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, tun Agustan 1940. Takardunsu na wajen Faransa, sai fa in tsohon ya tsallako iyaka ya shiga soja a Najeriya, to a nan NA za ka nema.