Yadda Ake Gane Gurɓataccen Ruwa Ya Taɓa Jinin Kifinka

Shekarar da na fara kiwon tarwaɗa a tankin siminti, na wayi gari na tarar da kifi goma sha ɗaya a mace. Na ruga kasuwa na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta na zuba, washegari wasu suka bi su. Sai da wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zo, ya ɗauki ɗaya mai sauran rai, ya datse jelarsa a kan farin faranti, ya ce, "Yaro, dubi jinin nan. Ba cuta ba ce, ruwanka ne." Jinin ya fito kalar ƙasa, kamar kokon da ya sha Milo. Tun daga ranar nake fara duba jini kafin na taɓa magani, kuma ga yadda ake yi.

Da farko, ka tsaya bakin ruwan da asuba kafin ka ba su abinci. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, don haka ganin ta leƙo ta koma ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga ta tsaya a tsaye, kai sama jela ƙasa, ta ƙi nutsewa, ko ka ga sun yi cincirindo a bakin bututun da sabon ruwa ke shigowa. Karfasa ta fi saurin nunawa, ita kam sai haki a saman ruwa.

Na biyu, ka kamo kifi biyu ko uku masu rai. Matacce ba ya faɗin gaskiya, domin kalarsa na dusashewa cikin ɗan lokaci. Ɗaga murfin da ke gefen kansa ka dubi jan naman da yake numfashi da shi. Na lafiyayye ja ne jawur. In ya koɗe ya yi fari-fari, jini ya yi ƙaranci. In ya yi kalar ƙasa, to ka kusa gano ɓarawon. In kuma ya kumbura, majina ta lulluɓe shi, ka zargi amoniya, wadda ke fitowa daga jikin kifin da ruɓaɓɓen ragowar abinci, kuma dafinta na ƙaruwa da zafin ruwa.

Na uku shi ne duba jinin kansa. Yanka ɗaya da sauri, ka ɗiga jinin a farin faranti ko farar takarda, ka duba a hasken rana. Jini mai kalar ƙasa alamar naitirait ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ruwa ne ke juya amoniya ta koma naitirait, ita kuma ta bi ta naman numfashi ta shiga jini, ta ɓata himogilobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin. Sai kifi ya shaƙe alhali ruwan cike yake da iska. Wannan ne ya sa nake jin takaici in na ga mai kiwo yana ta juye magani mai tsada, kifin kuwa numfashi yake nema.

Na huɗu, gwada ruwan da ɗan kayan gwajin da ake sayarwa a shagunan abincin kifi. Ka so naitirait ta zauna ƙasa da miligiram 0.5 a lita. In ta haura, dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, sauya kamar rabin ruwan, sannan ka sa gishirin miya. Kulorayid ɗin da ke cikin gishiri yana bin ƙofa ɗaya da naitirait wajen shiga jikin kifi, sai ya tare mata hanya. Ana so kulorayid ya ninka naitirait sau 10. A tankin lita 1,000 da gwaji ya nuna miligiram 1 a lita, giram 17 na gishiri ke nan, kusan babban cokali guda. Narka shi a bokiti tukuna. Cikin 'yan kwanaki jan jinin yana dawowa.

Amma in naman numfashin ya koɗe, gwajin amoniya da naitirait kuma bai nuna komai ba, ka bi ruwanka zuwa tushensa. Mai ɗiba daga kogin Challawa ko Jakara a Kano ya san ruwan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai na gangarowa ciki, kuma masana'antar jima na amfani da kuromiyam, wani ƙarfe mai guba. Dalma ma, in ta shiga ruwan, tana hana jiki ƙera himogilobin, kuma wanda ya tuna abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba zai raina ta ba. Haka maganin feshin gonakin fadama, wanda ruwan sama ke wankowa. Gishiri ba ya maganin ko ɗaya cikinsu.

A nan sai ɗakin gwaji. Likitan dabbobi zai zuƙi jini da sirinji daga jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin jela, ya zuba a kwalba mai hana daskarewa, a ajiye a sanyi, a auna a ranar. Ka nemi a duba PCV, wato kason jajayen ƙwayoyin jini a cikin jinin, da himogilobin da fararen ƙwayoyin jini. PCV na lafiyayyar tarwaɗa galibi yana tsakanin kashi 25 da 40 cikin 100. Ka tafi da kifi daga tankin da kake zargi da kuma wanda ka yarda da shi, don a kwatanta. Haɗa da ruwan a gorar roba da ka ɗauraye sau uku da shi. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, nan ne wuraren tambaya.

In sakamako ya nuna ƙarfe mai guba, ka canza majiyar ruwa, kuma kada ka kai kifin kasuwa. Dalma da kuromiyam na taruwa a hanta da ƙoda da naman numfashi, wani kaso har cikin tsoka, kuma banda ko suya ba sa fitar da su.