Yadda Ake Shimfiɗa Allon Siminti a Kan Daɓen Katako Kafin a Sa Tayil

A Kumasi, a tsofaffin benaye na Adum da wasu gidajen unguwanninmu irin su Aboabo da Asawase, har yanzu akwai ɗakunan sama masu daɓen katako. Mai gida ya so ya gyara, sai ya kira mai tayil ya manna kai tsaye a kan falanki. Kafin hunturu ya wuce, tayil ya fara tsagewa. Dalili kuwa, katako yana kumbura da laimar damina, ya tsuke idan iskar Disamba da Janairu ta busa, shi kuma tayil ba ya lanƙwasa. Allon siminti ne ke shiga tsakaninsu.

Amma ɗan'uwa, allon ba ya ƙara wa daɓe ƙarfi ko kaɗan, don haka aikin farko na kafinta ne. Cika kofi da ruwa har baki, ajiye a tsakiyar ɗaki, ka taka da ƙarfi kusa da shi. In ruwan ya zube, daɓen yana rawa, kada ka sayi ko allo ɗaya tukuna. Ɗaga falanki biyu ko uku ka duba azarar da ke ƙasa. Soka mata sukudireba, in ta nutse, gara ko ruwa sun ci ta, sai canji. In lafiyarta ƙalau amma tazara ta yi yawa, a gicciya guntayen katako tsakaninsu. Katakon odum ya fi jure gara, katakon wawa kuwa arha ne amma abincinta ne in ba a sa masa magani ba. Falankin da ya saki a ɗaure shi da sukuru, ƙusa tana sakewa. Inda falankan suka lalace gaba ɗaya, a maye su da filawud mai kauri milimita 18. Kuma in ka je kasuwar katako ta Sokoban sayayya, nemi busasshe, ɗanye zai tsuke a ƙarƙashin tayil ɗinka.

Share daɓen tas, babu ƙura babu maiƙo. Allo mai kauri milimita 6 ya ishi ƙasa. Jera su a bushe tukuna ka ga zamansu: gaɓarsu kada ta faɗa kan gaɓar falanki, kuma a saɓa su kamar jerin bulo, don kusurwa huɗu kada su haɗu wuri ɗaya. Bar milimita 3 tsakaninsu da bango. Wajen yanka, ka ja layi da wuƙa mai kaifi ka karya, ƙurar injin yanka tana illa ga huhu.

Sai gam. Sayi na tayil mai jure motsi, wanda aka rubuta S1 a jikin buhunsa. Siminti da yashi da magina suka saba kwaɓawa ba zai yi a nan ba, ko da wani ya rantse maka shekara ashirin yana haka. Shafa da cokalin gini mai haƙora na milimita 6, ka ɗora allo tun gam bai sha iska ba, ka danna sosai. Gam ɗin ne ke cike ramukan da za su sa allo ya yi ƙara in an taka.

Nan take ka ɗaure da sukuru marasa tsatsa, kowane santimita 20, ka ja baya kamar milimita 15 daga gefe. Kan sukuru ya kwanta daidai da fuskar allo. Kula da tsawonsa, milimita 25 ya wadatar, domin wayar wuta ko bututun ruwa na iya bi ta ƙasa.

Gaɓoɓin kuma a cike su da gam, a kwantar da tef ɗin raga mai jure siminti, a lallaɓe. In banɗaki ne, a shafa maganin hana ruwa a gaɓoɓi da kusurwoyi. Ba shi kwana ɗaya ya bushe kafin tayil na farko ya sauka, kuma ka auna ƙofa tun yanzu, don tsayin daɓe zai ƙaru, wataƙila sai kafinta ya rage mata ƙasa.