Yadda Nake Samo Zanen Aikin Wuya Daga Hoton Bango

Maɗinki, idan zanenka ya fara zama iri ɗaya, ɗauki wayarka ka shiga birnin Zariya ko Gidan Makama a Kano. Je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango a kaikaice, don inuwa ce ke fito da zayyanar magina. Nemi izinin masu gida tukuna. Matsa kusa ka ɗauki ɓangare ɗaya, kamar lanƙwasar dagi.

Ni a shago nakan mayar da hoton baƙi da fari, saboda launi na ɗauke hankali. Sai in ɗora takarda mara kauri a fuskar wayar, in bi layin da fensir, in juya shi, in ninka, har ya zauna a wuyan kaftani.