Yadda mai rubuta manhaja zai zaɓi wata sana'a a Damagaram

Dalilan da ke raba mutum da rubuta manhaja ba iri ɗaya ba ne, kuma daga dalilin ake fara zaɓen sana'ar da za ta maye gurbinta. Wani ciwon ido ne ko na wuyan hannu ya hana shi daɗewa a gaban kwamfuta, wani ya gama karatu a Jami'ar André Salifou ya tarar kamfanonin da ke ɗaukar masu wannan aiki kusan duk suna Yamai, wani kuma rashin tsayayyar wuta da tsadar intanet ne suka sa aikin nesa ya gagare shi. Wanda ido ya dama bai kamata ya koma gyaran wayar salula ba, domin ƙananan ƙafafun da ake narka wa dalma sun fi rubutun kwamfuta cin ido. Wanda kasuwa ce kawai ta juya masa baya kuwa, ƙofofinsa sun fi yawa.

Daga nan sai ya zauna ya rubuta abin da ya iya, ba tare da ya ambaci sunan ko ɗaya daga harsunan kwamfuta ba. Zai ga cewa ya iya rarraba babbar matsala gida-gida, ya iya bin sawun kuskure har inda ya faro, kuma ya saba karanta bayanin na'ura da Faransanci ko Turanci. Waɗannan ne jarinsa, kuma sana'ar da ta fi biyan su a wannan gari, a ganina, ita ce haɗa wutar sola.

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar na wasu watanni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, masu shaguna da masu lambu suka ƙara karkata ga hasken rana, amma da yawa daga masu haɗawar da ka suke aiki, ba da lissafi ba. A nan mai manhaja zai yi fice. A ɗauki mai shago a Sabon Gari da ke da firji mai cin wat 120 na awa 10, da ƙwan lantarki biyar masu wat 10 na awa 6, da fanka mai wat 60 na awa 8. Jimillar abin da yake sha a yini ta kusa wat-awa 2000, wato wat na kowace na'ura sau awannin aikinta, a haɗa. Idan aka raba da awa biyar na rana mai ƙarfi, aka ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari saboda asarar da zafi da ƙura da wayoyi ke jawowa, faifan sola biyu masu wat 300 kowanne za su ɗauke shi. A fuskantar da su kudu, a ɗan kishingiɗa su kamar digiri 15, a kuma gaya wa mai shagon tun farko cewa a lokacin hunturu sai an riƙa goge su da tsumma mai laushi, kuma batirin dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, ba ya son ɗaki mai zafi. Lissafin ba zai ba shi wuya ba, hannu ne sai an koya: ya nemi ƙwararren mai aikin lantarki ya bi shi a matsayin yaro na wasu watanni, ya hau kwano, ya koyi zaɓen kaurin waya. Mai digiri yakan ji nauyin ɗaukar wa wani tsani, sai dai babu wata hanyar.

Hanya ta biyu ita ce riƙe wa ɗan kasuwa lissafi. Fataken da ke kai wake da riɗi da dabbobi Najeriya ta Magariya ko ta Matamaye suna saye da sefa su sayar da naira, sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa tana hawa da sauka, don haka mutum na iya ganin kuɗi sun cika jaka alhali ribar ta tafi wurin canji. Wanda ya san tsara rumbun bayanai zai iya buɗe wa irin wannan Alhaji tebur a manhajar lissafi ta Excel mai nuna farashin kowane buhu, da kuɗin mota da na dako, da canjin ranar, da sunan duk wanda ake bi bashi. Kada ya fara da cewa a jefar da tsohon littafin. Ya kwafe shi, ya riƙe biyun tare har Alhaji ya ga da idonsa cewa sun yi daidai, domin a Kasuwar Dole, babbar kasuwar Damagaram, amana ake fara saye kafin gwaninta. Idan yana son ya wuce nan zuwa ofis, sai ya karanci tsarin lissafin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018 a ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci bai ɗaya, har da Nijar.

Koyar da lissafi da kimiyya a makarantu masu zaman kansu ya dace da mai ciwon hannu, ko da yake albashin ba ya da yawa. Ƙungiyoyin agaji ma suna neman masu tsara tambayoyin bincike a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox da masu tace bayanan da aka tattaro daga ƙauyuka, aikin kwangila ne, yana zuwa yana wucewa. Matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana da sashen na'urorin awo da sarrafawa, amma shiga can na buƙatar takardar shaidar fannin, ba sanin kwamfuta kaɗai ba.

Kowace ya zaɓa, ya gwada ta da ƙaramin aiki kafin ya sa kuɗinsa a kayan aiki: ya haɗa wa gidansu faifai ɗaya, ko ya riƙe wa wani ɗan uwa lissafin kaka guda. Idan aikin ya karɓe shi, ya yi rajistar kasuwanci ya karɓi lambar haraji ta NIF, domin ƙungiyoyi da ma'aikatun gwamnati ba sa biyan wanda ba zai iya ba su takardar kuɗi mai wannan lamba ba.