Yadda za ka gane ko kamfanin gem da gaske yake kan Linux kafin ka zuba kuɗinka

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin laftof irin na hannu da muke saya, waɗanda ba su da TPM 2.0 (wani guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata) balle su hau Windows 11, suka fara leƙen Linux, wato sistem na kyauta da ake sawa a madadin Windows, kuma tambayar farko da ɗan gem zai yi ita ce toh wasannina fa, za su tashi? Da yawansu za su tashi. Amma kamfanoni ne suka zuba kuɗi har suke tashin, kuma babu wanda yake yi fisabilillahi a cikinsu, don haka kar ka ɓata lokaci kana tambayar wane kamfani ne mai kirki. Ka tambayi abu biyu: ta ina yake cin abinci, kuma in ya canza ra'ayi gobe me zai rage a hannunka.

Fara da ta farkon. Valve, masu Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta, kashi 30 cikin 100 suke yanka a yawancin gem ɗin da aka sayar a shagonsu, kuma kusan duk cinikin a kan Windows ake yinsa. A 2012 da Windows 8 ta fito da nata shagon manhajoji, shugaban Valve Gabe Newell ya fito fili ya ce wannan bala'i ne. Ɗan haya ne ya ga mai gidan ya buɗe irin shagonsa a bakin ƙofa, dole ya fara neman filinsa. Shi ya sa Steam ta zo Linux a 2013, suka fitar da Steam Machine a 2015 kasuwa ta ƙi karɓa, ba su haƙura ba suka kawo Proton a 2018 wanda yake sa gem ɗin Windows ya tashi a Linux, sannan Steam Deck, na'urar gem ta hannu, a 2022 wanda shi kansa Linux ne a cikinsa. Yanzu in Proton ya lalace cinikin na'urarsu ne ya lalace. Ni wannan ya fi kwantar min da hankali a kan duk wani daɗin baki, saboda aljihunsu a ɗaure yake da abin.

Epic kuwa, masu Fortnite da nasu shagon gem, a 2019 sun ba Lutris, manhajar girka gem a Linux, kyautar dala 25,000, aka yi ta yabo, amma shagonsu ba shi da manhajar Linux, Fortnite ba ya tashi, kuma bayan sun sayi kamfanin da ya yi Rocket League, a watan Maris na 2020 aka yanke wa 'yan Linux da Mac wasan onlayin. Kyauta sau ɗaya ake yinta a ɗau hoto a wuce. In ka ga sanarwar tallafi, ka duba ko akwai wani kayan kamfanin da zai daina sayuwa in suka janye, in babu to ka ɗauka aro aka ba ka.

Sai tambaya ta biyu, a nan ne ake yawan yi wa mutane rufa-ido da cewa kod a buɗe yake. Kar ka yarda da talla, shiga GitHub, shafin da ake ajiye kod, da kanka, ka rubuta ValveSoftware/Proton, ka buɗe fayil ɗin LICENSE, ka duba yaushe aka yi gyara na ƙarshe, ka leƙa wajen ƙorafe-ƙorafe ka ga ko ma'aikatan kamfanin suna amsawa ko kuwa mutane ne kawai suke ta ihu su kaɗai. Proton a kan Wine aka gina shi, shi kuma Wine, mai sa manhajojin Windows su tashi a Linux, tun 1993 yake nan, tun 2002 kuma da buɗaɗɗen lasisin LGPL, ga DXVK mai juya DirectX (hanyar zana hoton gem a Windows) zuwa Vulkan (wadda Linux ke ganewa) shi ma kowa zai iya ɗauka. Babbar shaida dai ita ce ka ga wasu sun kwafi abin sun yi nasu ba tare da neman izini ba, kuma an yi, ga GE-Proton, ga Bazzite, ga Heroic da ke buɗe maka wasannin Epic da GOG (wani shagon gem) da waɗannan kayan. Ko Valve ta rufe gobe waɗannan ba za su ɓace ba. Amma ka lura, ita manhajar Steam ɗin kanta a rufe take ruf, kuma nan ne asusunka da wasanninka suke.

Irin wannan binciken za ka yi wa katin hoto. Direban AMD da na Intel a cikin Linux ɗin suke zuwa, ka sa sistem kawai su kama aiki, har Valve tana biyan masu gyara direban AMD ɗin. Nvidia ta buɗe wani ɓangare na direbanta a watan Mayun 2022, ragowar yana rufe, kuma buɗaɗɗen daga GTX 16 da RTX 20 ya fara, wato in laftof ɗinka GTX 1050 ko 1060 ne, irin waɗanda suka cika kasuwar na hannu, ba ka cikin rabon, rufaffen direba za ka ci gaba da amfani da shi har ranar da suka ga dama suka daina. Kafin komai ka buɗe tamina, wajen rubuta umarni, ka buga vulkaninfo --summary ka ga me zai nuna, don tsohon Intel HD na wajen 2012 da 2013 Vulkan ɗinsa bai cika ba, kuma in ba Vulkan Proton wahala kawai zai ba ka.

Bayan kamfani sai shi gem ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Shiga ProtonDB, shafin da mutane ke rubuta yadda gem ya tashi musu a Linux, ka nemi sunansa, za ka ga Platinum ko Gold ko Silver ko Bronze ko Borked, na ƙarshen nan ma'anarsa ka manta kawai. Kar ka tsaya a kan tambarin, gangara ƙasa ka karanta rahoton watan nan, musamman na mai katin hoto irin naka, domin gem yana iya zama Gold bara bana ofdet ɗaya ya kashe shi. Wasannin onlayin su ne matsalar. Easy Anti-Cheat da BattlEye, manhajojin kama masu maguɗi, duk suna aiki da Proton tun 2021, sai dai sai mai gem ɗin ya yarda ya kunna. Apex Legends yana tashi lafiya lau har zuwa ƙarshen Oktoban 2024 da EA ta toshe Linux, ta ce masu maguɗi ta nan suke shigowa, wata guda kafin nan GTA Online ya sa BattlEye 'yan Steam Deck suka tsinci kansu a waje, Valorant kuwa bai taɓa buɗe ƙofa ba. Hujjar maguɗin tana da ƙamshin gaskiya, amma lissafi ne ya yanke hukunci, ko a ƙarshen 2025 'yan Linux wajen kashi 3 cikin 100 ne a Steam, korarsu ta fi araha. Shawarata, kar ka sayi kayan ado ko fas na kaka a gem ɗin onlayin in Linux kaɗai gare ka, kuma ka duba shafin Are We Anti-Cheat Yet kafin ka ƙona data giga 80 a banza.

In ka saya ka gwada nan take. Steam tana mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka buga awa 2 ba, kuma lokacin da gem ya tsaya a baƙin allo kana ta gyare-gyare shi ma agogo yana ƙirgawa, don haka in ya ƙi tashi ka rufe shi, ka danna Properties, ka shiga Compatibility, ka canza Proton ɗin zuwa Experimental ka sake gwadawa, in ya ƙi a karo na uku ka nemi kuɗinka. Windows ɗinka ma kar ka goge shi a satin farko, raba hadis ɗin (hard disk) biyu.

Abin da ka biya a Steam lasisi ne, su da kansu suka fara rubuta haka a wajen biya a 2024, shekarar da Ubisoft ta kashe sabar The Crew waɗanda suka saya suka tashi a tutar babu. Sony ma ta sayar da PS3 da damar sa Linux, a 2010 ta cire da ofdet. In gem ɗin yana GOG ka saya a can, ka sauke fayil ɗin girkawa na oflayin ka ajiye a hadis na waje. Na Steam kuma sef ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a gem, galibi yana cikin steamapps/compatdata, a folda mai lambar gem ɗin, ka riƙa kwafe shi duk wata, musamman kafin ka canza Proton.