Yadda zaka gane lasin shafin bet na gaske ne ko na bogi

Ba tallan caca nake ba, kowa ya san hukuncinta a addini, amma tunda samari sun riga sun tsunduma cikin bet gara a san wa ake miƙawa kuɗi.

Buɗe shafin ka gangara can ƙasa, wajen ƙananan rubutun nan da babu mai karantawa. Nan ake sa sunan kamfanin da inda ya samo lasin, kuma yawanci tsibirai ne, Malta, Curaçao, Isle of Man, Anjouan, saboda harajinsu da sauƙi shi yasa kamfanoni ke tururuwa can.

In ka ga tambarin hukumar caca ta Malta wato MGA, danna shi. Na gaske zai kai ka shafin hukumar ka ga sunan kamfani da lambar lasin da adireshin shafukan da aka yarje masa, na bogi kuwa hoto ne kawai aka manna, ko ka yi ta dannawa har gobe ba inda zai kai ka. Ni dai nafi son mutum ya shiga shafin MGA da kansa ya nemi sunan a rajistarsu, sannan ya gwada adireshin harafi da harafi don ƴan damfara harafi ɗaya suke canzawa. Malta tun 2004 take wannan harka kuma ana iya kai mata ƙorafi.

Curaçao ce mai labari. Shekara da shekaru kamfanoni 4 ne kacal ke riƙe da babban lasin suna yanka wa wasu ƙanana kamar masu saida fuloti, ba mai bin diddigi, sai a Disamba 2024 sabuwar doka ta fara aiki, yanzu hukumar caca ta Curaçao wato CGA ce ke bayarwa kai tsaye. To in ka ga lamba irin 8048/JAZ har yanzu a ƙasan shafi, tsohon tsari ne, kar ka yarda da ita.

Anjouan ta Komoros kuwa lasinta arha ne kuma ba ya daɗewa ya fito, in kuɗinka suka maƙale kar ka sa rai wani zai tsaya maka.

Sannan lasin tsibiri bai halasta shafi a garinku ba fa. A Najeriya Kotun Ƙoli ta ce a Nuwamba 2024 harkar caca ta jihohi ce, a Kano kuwa Hisbah rufe shagunan bet take yi, ko wace takarda aka maƙala a bango.