Kallon talabijin a kwamfuta: kurakuran da na gaji da gyarawa

A makon nan kaɗai mutum uku suka kawo mini kwamfutocinsu, kowa da kukansa, kuma duk abin da na sha faɗa ne. Bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake zuwa in miƙa masa ya karanta.

Zan fara da wanda har gobe idan na tuna raina yake ɓaci: shafukan "kallo kyauta". Ranar wani wasan ƙarshe na ƙwallo ne, kuɗin tashata ya ƙare, sai wani ya turo mini adireshi. Na buɗe, ga maɓallan kunnawa har uku a allo, kowanne ƙato, kore shar. Na danna na tsakiya, saƙo ya fito wai sai na sabunta Flash Player, wata manhajar kunna bidiyo a burauza, kafin hoto ya zo. Saura minti biyar a take wasa, wa ke da lokacin tunani? Na sauke, na girka. Ko inuwar ɗan wasa ban gani ba. Bayan kwana biyu burauzata ta fara buɗe tallace-tallace da kanta, imel ɗina yana aika wa mutane saƙon da ban rubuta ba. Ƙarshenta sai da aka goge kwamfutar kakaf, hotunan shekara huɗu suka bi ruwa, don ban ajiye kwafinsu ko'ina ba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, daga baya na gano cewa kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash Player tun ranar 31 ga Disamba 2020, manyan burauzoci kuma sun cire shi. Ashe gawa aka ce in sabunta! Duk shafin da ya ce ka sauke shi yau, ko ka girka wata "manhajar kallo ta musamman", ko ka ba shi izinin turo maka sanarwa kafin ya nuna hoto, ɓarawo ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Bidiyo a burauza ba ya bukatar a girka komai. Ni yanzu dokata ɗaya ce: shafin tashar da kanta, ko YouTube. Al Jazeera da DW da France 24 duk suna watsa shirye-shiryensu kai tsaye a can, kyauta.

Sai batun HDMI, wayar da ke kai hoto da murya zuwa allo. Haba jama'a! Mutum ya ga rami a gefen kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ga irinsa a bayan dikoda, sai ya sayo waya ya haɗa, ya zauna yana jiran hoto. Ba na yi muku dariya, ni ma waya biyu na saya, har na koma na yi wa mai sayarwa faɗa wai ya ba ni jabu, alhali bawan Allah bai da laifin komai. Ramin da ke jikin kusan kowace irin wannan kwamfuta fitar da hoto yake yi, ba ya karɓa. Dikoda ma fitarwa take yi. Ka haɗa baki da baki, babu kunne. Abin da ake bukata 'yar na'urar kama hoto ce da ake soka wa a USB, wayar dikoda ta shiga cikinta, sannan ka buɗe hoton da manhajar VLC ko OBS Studio. Ka kuma sani wasu dikodojin suna da kullen HDCP mai hana kwafa, baƙin allo kawai za ka gani. Ka gwada kafin ka biya.

Mai son kama tashoshin eriya da 'yar na'urar USB, ya karanta kwali. Tsarin watsa shirye-shirye iri-iri ne: na'urar DVB-T ba ta kama tashoshin DVB-T2, Amurka na amfani da ATSC, Japan da Brazil kuma ISDB-T. Guntuwar eriyar da ke zuwa cikin kwalin kuwa abin wasan yara ce, ni eriyar waje nake jonawa. Idan bayanin da kake bi ya ce ka buɗe manhajar Windows Media Center, rufe shi, an cire ta tun fitowar Windows 10 a 2015.

Data kuma ku da kanku kuke ƙone ta. A lissafin Netflix, awa ɗaya tana cin har gigabait 3 a HD, har 7 a 4K. Me za ka yi da 4K a allo mai inci 14? Ni ingancin hoto na 720p nake sakawa, labarai ma 480p ya ishe ni, murya nake nema ba gashin girar mai karantawa ba.

Hoto yana tsayawa yana juyi? Matsa kusa da rauta, wato na'urar Wi-Fi, ko ka jona wayar intanet kai tsaye, ka kuma rufe shafuka ashirin ɗin nan da ka bari a buɗe. Kada ka ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, kana toshe mata hanyar iska, ta yi zafi ta fara sanɗa. Idan ka haɗa ta da babban talabijin hoto ya ƙi fita, danna maɓallin Windows da na P tare. Idan murya ce ta maƙale a kwamfutar, sauya mafitar sauti daga alamar lasifika.

Kallo ta intanet yana zuwa a makare, sau da yawa da rabin minti ko fiye. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, haka tsarin yake. Ni ranar wasa kife wayata nake yi in rufe taga, don maƙwabcina mai eriya yana gama ihun ci tun ƙwallo tana tsakiyar fili a allona.